Shin Ko Kun San? Aikin Ƙafa ta Uku a Jikin Fulogi

Shin ko kun san cewa wutar da ke haska unguwanni da dama a Maraɗi da Damagaram daga Najeriya take tafiya, amma soket ɗin da take fitowa ta cikinsa a can ya sha bamban da na Katsina? Layi ɗaya ya tashi daga Katsina zuwa Gazawa, wani kuma daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Wutar ɗaya ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa a ɓangarorin biyu. Sai dai bangon ɗakin Bakatsine na ɗauke da soket mai ramuka uku masu kusurwa, irin na Ingila, na mutumin Maraɗi kuwa galibi ramuka biyu ne zagayayyu, irin na Faransa. Iyakar da Turawa suka shata ta ratsa har cikin bangon ɗaki, shi ya sa ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi ba ya rabuwa da adafta. Haka abin yake tsakanin Gana, wadda ta bi Ingila, da Kamaru, wadda ta bi Faransa.

Ko kun san nau'in fulogin gida 15 ake lissafawa a duniya, an yi masu laƙabi da haruffa daga A zuwa O? Namu mai ƙafa uku masu kusurwa shi ne G. Mai ƙafa uku zagayayyu da ake gani a tsofaffin gidaje shi ne D. Na Faransa E, na Jamus F. Italiya da Denmak da Siwizalan da Isra'ila kowace tana da nata.

Shin kun san cewa da aka fara sa lantarki a gidaje ba a yi tanadin soket ba sam? Don haske kawai aka jawo wutar, saboda haka mai son jona dutsen guga sai ya kwance ƙwan fitila ya ɗaura wayar a gurbinsa. A shekarar 1904 ne wani Ba'amurke mai suna Harvey Hubbell ya yi rajistar fulogin da ake cusawa a zare. Kowace ƙasa ta ci gaba da ƙera nata ba tare da ta waiwayi maƙwabciya ba, domin a lokacin ba wanda ke ɗaukar kayan wuta ya tsallaka teku da su. Kafin a farga, miliyoyin bangaye sun riga sun cika.

An yi ƙoƙarin haɗa kai. Hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin lantarki ta duniya, wadda aka kafa a Landan a 1906, ta fitar da samfurin fulogi ɗaya a 1986 da fatan kowa zai koma kansa. Ƙasashen Turai ba su karɓa ba. Afirka ta Kudu ce ta ɗauke shi, Barazil kuma ta ɗauka ta yi masa kwaskwarima.

Shin ko kun san cewa Yaƙin Duniya na Biyu ne ya haifar da fulogin da ke ɗakinku? Bama-bamai sun rushe gidaje masu yawa a Ingila, jan ƙarfe kuma ya yi wuya. A 1942 gwamnati ta kafa kwamitin da zai duba yadda za a yi wa sababbin gidaje wayarin da waya kaɗan, kwamitin ya miƙa rahoto a 1944. Dabarar da suka kawo ita ce a daina jan waya daban zuwa kowane soket daga akwatin fis. Waya ɗaya za ta fita ta zagaya soket-soket ɗin gidan ta dawo inda ta taso, fis mai amfiya 30 yana tsaronta. To, amma fis mai amfiya 30 ya yi wa siririyar wayar rediyo ko fitilar tebur girma, wayar za ta narke shi bai ko ji ɗumi ba. Sai aka ce kowane fulogi ya ɗauki ƙaramin fis nasa a cikinsa. Wannan ƙa'ida ce ta fito a 1947 da lamba BS 1363, ita ce kuma ta biyo mulkin mallaka da ciniki ta iso Najeriya, Gana, Kenya, Uganda, Malesiya da Singafo.

Mace ɗaya ce tak a cikin wancan kwamiti, Caroline Haslett, injiniya wadda ta shugabanci ƙungiyar wayar wa mata kai game da lantarki. Rahoton kwamitin ya ba da muhimmanci ga kare ƙananan yara, ya nemi a sa wa ramukan soket marfi. Ku leƙa soket na ƙwarai ku gani: ramuka biyu na ƙasa a rufe suke da ɗan marfin roba, ba sa buɗewa sai doguwar ƙafar sama ta shiga ta ture shi. Yaron da ya tsinci ƙusa yana rarrafe zai tarar da ƙofa a rufe. A ganina wannan marfi na daga cikin abubuwa mafi daraja da aka taɓa ƙerawa don gida mai yara, kuma shi ne muke karyawa kullum da tsinken ashana da marfin biro da makulli don mu cusa caja mai ƙafa biyu.

Ko kun san dalilin da ya sa ƙafar sama ta fi sauran tsawo da kauri? Ita ce ta wayar ƙasa. Tsawonta ya sa ita ke fara shiga kafin wuta ta taɓa na'urar, ita ce kuma ta ƙarshen fita in an zare. Kaurinta ya hana a cusa ta a ramin da ba nata ba. Har a cikin fulogin ma, mai gyaran da ya san aikinsa yakan bar wayar ƙasa da ɗan sassauci fiye da sauran biyun, don in an fizgi igiyar da ƙarfi, wayar wuta ce za ta fara tsinkewa, ta ƙasa tana nan riƙe.

Baƙar robar da ta lulluɓe rabin ƙafafu biyu na ƙasa fa? Tun 1984 aka wajabta ta, don yatsan da ya zame ƙarƙashin fulogin da bai gama shiga ba kada ya taɓa ƙarfe mai wuta. Duk sabon fulogin da kuka gani ƙafafunsa tsirara tun daga tushe, bai cika ƙa'ida ba.

Shin kun san fis ɗin cikin fulogi yana da launi gwargwadon ƙarfinsa? Mai amfiya 3 ja ne, na fitila da ƙananan kaya. Mai amfiya 13 ruwan ƙasa ne, na dutsen guga da butar dafa ruwa. Aikinsa ya ƙone kafin igiyar ta ƙone. Idan ya ƙone aka naɗe shi da takardar sigari mai ƙyalli, ko aka maye gurbinsa da guntun waya, na'urar za ta tashi, amma abin da zai ƙone a karo na gaba igiyar ce, tare da labule ko katifar da take kwance a kai.

Ga wani lissafi da ya kamata ya zauna a kan kowa. Amfiya 13 a kan bolt 230 na ba da kusan wat 3,000, iyakar abin da soket ɗaya zai ɗauka ke nan. Butar dafa ruwa mai wat 2,000 da dutsen guga mai wat 1,200 sun riga sun haura. Jona mai baki shida ba ta ƙara wa soket ƙarfi, raba wat 3,000 ɗin nan kawai take yi, in ma wayarta ta kai ta ɗauki hakan. Wannan ne dalilin da ya sa ake ja wa na'urar sanyaya ɗaki da hitar banɗaki layinsu daban, sau da yawa da soket mai amfiya 15 mai manyan ƙafafu zagayayyu. Wannan soket ɗin daga tsohuwar ƙa'idar Ingila ya fito, BS 546, wadda Indiya da Afirka ta Kudu suka gina nasu a kanta.

Shin ko kun san cewa wutar da ƙwan fitila mai wat 7 ke sha ta isa ta jefa zuciyar babban mutum cikin haɗari? Ƙwan nan yana jan kimanin miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya. Jiki na fara jin tsirawa a wajen miliamfiya 1. Daga 10 zuwa sama tsokar hannu kan damƙe, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, abin da muke cewa wuta ta riƙe shi. In ta haura 30 ta ɗan jima tana ratsa ƙirji, numfashi kan tsaya, bugun zuciya kuma ya rikice. Jiƙaƙƙen jiki, ƙafa ba takalmi a kan siminti, turjiyarsa ga wuta na iya sauka zuwa om 1,000 ko kusa da haka. Ku raba 230 da 1,000, za ku samu miliamfiya 230. Wannan ya sa banɗaki da wajen wanki da bakin famfo suka fi ko'ina haɗari, damina kuma ta fi rani.

Ku lura da abu ɗaya a nan. Fis mai amfiya 13 ba zai ko motsa ba a kan miliamfiya 230. Mutum zai rasu fis yana lafiya lau. Fis da birekar da ke cikin akwatin rarraba wuta an yi su ne don kare waya daga gobara. Kare rai aikin wasu abubuwa biyu ne, wayar ƙasa da na'urar RCD.

To mene ne aikin wayar ƙasar? A cikin firji ko injin wanki ko famfon rijiyar burtsatse, wata rana robar waya kan goge, ko ɓera ya ci, ko ruwa ya shiga, sai wayar wuta ta taɓa gangar jikin ƙarfen. Idan babu wayar ƙasa, jikin firjin zai zauna da bolt 230 yana jiran wanda zai zo ɗaukar ruwan sanyi. Idan akwai ta, tun daga jikin firjin ta ƙafa ta uku har zuwa akwatin rarraba wuta, wutar da ta kauce za ta samu hanya mai sauƙi ta bi da yawa, kariyar gidan ta yanke layin kafin hannu ya kai. Firjin da ke ɗan jan mutum in an taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu gargaɗi yake yi, bai kamata a shimfiɗa masa kwali a ƙasa a ci gaba da harka ba.

Ko kun san ana iya samun soket mai ramuka uku wanda ramin samansa ba a haɗa shi da komai ba? Wannan ya zama ruwan dare a gine-ginen da aka yi tsumulmular kayan aiki. Mai gida ya ga kuɗin waya ya yi yawa, mai wayarin ya ce ai biyu ma na kawo wuta, sai a ja biyu a bar ta ukun. Fitila za ta kama, fanka za ta juya, shekaru su wuce ba wanda ya lura. Wannan ce matsalar wayar ƙasa: ba a ganin amfaninta sai ranar da aka buƙace ta, rashinta ma sai a ranar yake bayyana. Ina ganin duk mai karɓar sabon gini ko kama haya ya cancanci ya sa a kwance soket biyu ko uku a gabansa ya ƙirga wayoyin da idonsa.

Akwai wata dabara da ta fi barin ramin haka muni. Wasu kan ɗauki guntun waya su haɗa ramin ƙasa da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a bayan soket, don in an gwada a ga kamar akwai. Ranar da nutural ta tsinke a wani wuri tsakanin gidan da fol, jikin duk na'urar da ke jone sai ya ɗauki wuta.

Shin kun san sandar da ake binnewa a ƙasa a ɗaura mata wayar ƙasa, ita kaɗai ba lalle ta ƙona fis ba? Wannan batu ya fi shafar mu mazauna ƙasa mai yashi da dogon rani. Ƙasa mai danshi da laka tana karɓar wuta da sauƙi, busasshen yashi da tsakuwa kuwa suna turjewa ƙwarai. A ce turjiyar sandar gidanku om 50 ce, abin da ba baƙo ba ne a busasshiyar ƙasa. Bolt 230 a raba da 50 ya ba da amfiya 4.6. Fis mai amfiya 13 zai ɗauke ta tamkar wutar aiki ce, ba zai yanke ba, jikin na'urar kuma yana nan da wuta mai haɗari. Sandar da aka auna a watan Agusta ta yi kyau tana iya kasawa a watan Maris in ƙasa ta bushe. Shi ya sa masu aikin ke haƙa rami mai zurfi har su taɓa danshi, su zuba gawayi da gishiri, wani lokaci su kafa sanduna da yawa su haɗe su. Gishirin na rage turjiya, amma yana cin ƙarfe, ruwan sama kuma na wanke shi, don haka ramin na buƙatar a riƙa leƙa shi ana aunawa. Sandar ƙwarai ƙarfe ce da aka lulluɓe da jan ƙarfe mai kauri. A kasuwa akwai wadda aka yi wa shafe kawai, kartar wuƙa ɗaya ke tona ta.

Na'urar RCD, wadda masu gyaran wuta da dama ke kira ELCB, ita ke toshe wannan giɓi. Aikinta irin na makiyayin da ke tsaye a bakin garke ne, yana ƙirga abin da ya fita da abin da ya dawo. Wutar da ta fita ta wayar wuta dole ta dawo ta nutural daidai wa daida. In aka samu giɓin miliamfiya 30, ta san wani kaso ya bi ta jikin na'ura ko ta jikin mutum, sai ta yanke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Amfiya 4.6 ɗin da fis ya yi biris da ita ta ninka abin da RCD ke buƙata fiye da sau 150. Ku duba akwatin gidanku: in akwai wata bireka mai faɗi da aka rubuta wa 30mA, tana da ɗan maɓalli mai harafin T, ita ce. Ku danna shi duk bayan 'yan watanni. In wuta ba ta ɗauke nan take ba, na'urar ta lalace.

Abin takaici, in RCD ta fara yawan faɗuwa, abin da aka fi yi shi ne a cire ta a haɗa wayoyin kai tsaye. Faɗuwar tata labari ce: akwai hita ko famfo ko wayar cikin bango da ke yoyon wuta. Wannan ya kamata a nemo.

Ko kun san a Afirka aka fara ƙera irin wannan na'ura mai saurin ji? A shekarun 1950 wani injiniya mai suna Henri Rubin ya ƙirƙiro ta a Afirka ta Kudu saboda masu haƙar zinariya da wuta ke kashewa, aka kuma gwada ta a gidajen garin ma'adinai na Stilfontein. A Amurka kuwa Farfesa Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, wanda ya daɗe yana nazarin yadda wuta ke shafar jikin ɗan Adam, ya ƙera tasa a 1961. Ta Amurka tana yankewa a wajen miliamfiya 5.

Shin kun san ba kowace na'ura ke buƙatar wayar ƙasa ba? Ku juya cajar waya ko askar lantarki, za ku ga wata alama, ƙaramin murabba'i a cikin babba. Ma'anarta an yi wa na'urar rufi biyu, ko ɗaya ya lalace wuta ba za ta kai hannu ba. Shi ya sa ƙafar saman wasu cajoji ta roba ce, aikinta kawai buɗe marfin soket. Ƙafar roba a jikin fulogin firji ko jona kuwa alama ce ta jabu.

Siririn fulogin Turai mai ƙafa biyu zagayayyu amfiya 2.5 kawai aka yi shi ya ɗauka, tazarar ƙafafunsa milimita 19, na soket ɗinmu kuwa ta ɗan haura 22. In an tilasta shi ya shiga, ƙarafunan cikin soket kan buɗe su saki, daga nan ko fulogin ƙwarai aka sa ba zai kama da kyau ba. Haɗin da bai kama ba yana zafi, zafin na narka roba, baƙin tabon da ake gani a fuskar soket ke nan. Soket ɗin nan mai karɓar kowane irin fulogi ma ciwonsa ɗaya: ramukansa sun yi faɗi, ba ya riƙe ko ɗaya sosai, da yawansu kuma ba su da marfi.

Jamusawa da Faransawa ta wata hanya suka bi. Fulogin Jamus, wanda ya samo asali a shekarun 1920, ba shi da ƙafa ta uku, wasu ƙarafuna biyu ne a gefensa ke taɓa na soket. Na Faransa kuwa sandar ƙasar a jikin soket take, tana tsaye, fulogin ne ke da ramin karɓarta. Ga inda abin ya shafe mu: in aka kawo firjin gwanjo daga Turai aka cusa ƙafafunsa biyu a soket ɗinmu, zai yi sanyi, amma wayar ƙasarsa ba ta taɓa komai ba. Gyaran ba tsada: a yanke kan, a ɗaura masa fulogi mai ƙafa uku, a haɗa wayoyin uku duka.

Launin wayoyi fa? Tsohon tsarin Ingila ja ne na wuta, baƙi na nutural, kore na ƙasa. Sabon tsari ruwan ƙasa ne na wuta, shuɗi na nutural, sai kore mai ratsin rawaya na ƙasa. Ratsin na taimakon masu larurar ido da ba sa bambance ja da kore, domin a tsohon tsari irin wannan mutum na iya ɗaura wayar wuta a jikin na'ura. A Ingila sabon tsarin ya zama dole ga sabon wayarin cikin bango a 2006. A gidajenmu ana samun tsarin biyu, wani lokaci a bango ɗaya, saboda haka mai gyara ya gwada da testa kada ya dogara da launi.

Ko kun san makunni a kan wayar wuta ya kamata ya zauna? In an juya aka sa shi a kan nutural, ƙwai zai mutu in an kashe, amma gurbinsa na nan da wuta yana jiran mai canza ƙwai.

Shin kun san abin da ke faruwa ranar da ake cewa an kawo wuta mai ƙarfi ta ƙone kayan unguwa? Taransifoma na fitar da layuka uku da nutural ɗaya. Tsakanin kowane layi da nutural bolt 230 ne, tsakanin layi da layi kuwa kusan 400. Nutural ce ke riƙe daidaiton. In ta tsinke, ko ɓarayin jan ƙarfe suka yanke ta tare da wayar ƙasar taransifoma, sai wasu gidaje wuta ta yi ƙasa, wasu kuma ta haura ta doshi 400. Mai satar wayar nan don 'yan kuɗin gwangwan yana jefa unguwa guda cikin asara da haɗarin rai.

Janareta ma na da tasa ƙa'idar. Igiya mai fulogi a kai biyu, wadda ake jona ta daga janareta zuwa soket ɗin bango, tana barin ƙafafun ƙarfe tsirara da wuta, tana kuma iya mayar da wuta kan layin waje ta sami ma'aikacin da ya hau fol da tabbacin an kashe. Makunnin canji na ƙwarai ne ke raba layin biyu. Masu sola da inbata su tambayi mai haɗawa ko RCD ɗin gidan za ta yi aiki in an koma kan batir, a kuma gwada a gabansu.

Alhazai, ko kun san Saudiyya ta mayar da soket irin namu ya zama ƙa'idarta? Sai dai wutarsu sau 60 take kai da komo a daƙiƙa, tamu 50. Caja ba ruwanta da wannan, amma firji ko na'urar sanyaya ɗaki da aka ƙera don 60 kaɗai, injinta kan rage gudu ya yi zafi a nan. A karanta jikin kaya kafin a biya. Na Amurka bolt 120 ne, in an jona kai tsaye ƙonewa zai yi, sai wanda aka rubuta wa 100-240V.

Japan ƙasa ɗaya ce mai wuta iri biyu. Tokyo ta sayi injunan Jamus masu 50, Osaka ta sayi na Amurka masu 60, tun ƙarshen ƙarni na 19, har yau kuma a rabe suke. Bayan girgizar ƙasar 2011, wannan rabuwa ta taƙaita wutar da yammacin ƙasar zai iya tura wa gabashi. A Barazil kuwa soket iri ɗaya ne, amma a Rio bolt 127 ke fitowa, a Brasilia 220.

Ƙasa na iya yanke shawara ta kuma tsaya a kai. Siri Lanka ta ga soket iri-iri sun cika mata kasuwa, ta zaɓi mai amfiya 13 irin namu, daga farkon 2019 ta hana sayar da sauran.

Shin ko kun san su waye ke da alhakin wannan a Najeriya? Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke tsara ingancin kaya, tana da shirin SONCAP na kayan da ake shigowa da su da MANCAP na waɗanda ake ƙerawa a gida. Hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin samar da wuta da wayarin a 2015. A shekarar ce kuma doka ta kafa NEMSA, mai duba aikin wayarin da ba masu yin sa takardar shaida. A Gana dokar wayarin ta 2011 ta ce wanda Hukumar Makamashi ta tantance ne kaɗai zai yi wa gini wayarin. Dokokin suna nan a rubuce. Abin da na fi gani ya yi ƙaranci shi ne mai gidan da zai ce wa mai wayarin ya nuna takardarsa, ya kuma auna sandar ƙasa a gabansa ya faɗa masa om nawa ta bayar.

Wayar kanta a duba ta. Ta soket mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ce, ta fitilu 1.5, manyan kaya kuwa 4 ko 6. Akwai wadda aka rubuta wa 2.5 alhali ba ta kai ba, akwai kuma alminiyom da aka yi wa rufin jan ƙarfe. A kankare bakin da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki, alminiyom ce, ta fi saurin zafi da karyewa a wurin ɗauri. Araha ba ta ado, balle a abin da za a binne cikin bango shekara talatin. Kada kuma a ɗaura wayar ƙasa a bututun ruwa a ce an gama, yawancin bututun yanzu na roba ne, bututun gas kuwa ba a kusantarsa da wannan ko kaɗan.

In wuta ta riƙe mutum, kada a kama shi da hannu. A kashe babban makunni, in ya yi nisa a ture shi da busasshen katako ana tsaye a busasshen wuri. In ba ya numfashi a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemo mota. Kada a ɗura masa madara ko ruwa yana sume, zai iya shaƙewa. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau a kai shi asibiti a duba zuciyarsa, domin ƙunar lantarki ta ciki takan fi wadda ake gani a fata.